Gasasshen wake ranar gashin nama: a buɗe gwangwani, a bi tsarin Boston, ko a kai tukunya bakin garwashi?

Yawancinmu a cikin salak muka fara sanin wannan wake. Ranar biki ko suna, a yanka kabeji da karas da latas, a jera dafaffen ƙwai, sannan a fasa gwangwani a kwarara jan waken nan mai zaƙi-zaƙi a kai. Shi ya sa da yawa suke ɗaukarsa kayan adon salak kawai. A Amurka, inda ya samo asali, abinci ne mai cin gashin kansa, da zafinsa ake ci, kuma duk gidan da aka hura wuta za a gasa nama a tsakar gida, musamman ranar 4 ga Yuli da suke bikin samun 'yancin kai, da wuya a rasa tukunyarsa a gefe. Suna kiransa baked beans, wato gasasshen wake, domin tun asali a cikin tanda ake barinsa ya yi sa'o'i yana nuna a hankali.

Ba banza ba suka haɗa shi da nama. Gasasshen nama yana da gishiri da yaji da ƙaurin hayaƙi, yana kuma busar da baki, don haka yana son mahaɗi mai laushi da romo, mai ɗan zaƙi da ɗan tsami. Ga shi wake yana riƙe ciki. Uwargidan da ta taɓa raba cinyar rago ɗaya ga mutum ashirin ta san amfanin abin da zai sa nama ya kai ga kowa.

To idan kin yanke shawarar yin sa, ranar gashin layya ne ko walimar 'yan uwa, hanyoyi uku ne a gabanki. Zan faɗi nawa tun yanzu: muddin baƙi sun haura goma, busasshen wake nake saye in dafa da kaina, in ƙarasa shi a gefen garwashin da ake gashi. Amma kowace hanya tana da ranarta.

Na gwangwani

Waken gwangwanin da muka saba da shi tsarin Ingila ne, mai miyar tumatir sakwa-sakwa. Kamfanin Heinz, wanda ya taso a yankin birnin Pittsburgh na Amurka, shi ya shahara da shi, kuma katafariyar masana'antarsa da ke kusa da Wigan a arewacin Ingila tana aiki tun 1959. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba a gasa wannan wake ko kaɗan. Ana zuba shi a gwangwani tare da miyar, a rufe ruf, sannan a dafa gwangwanin gaba ɗaya da tururi mai tsananin zafi. Shi ya sa babu ƙamshin wuta a jikinsa, kuma ɗanɗanonsa iri ɗaya ne yau da gobe.

Alherinsa a bayyane yake. Cikin minti ashirin kin gama, ba jiƙo, ba tsinta, ba fargabar ko wake ya nuna. Ana kuma iya gyara shi ya tashi daga na salak ya koma na taro: ki soya albasa har ta yi ja, ki sa tafarnuwa da attaruhu ɗaya, ki tsiyaye kusan sulusin ruwan gwangwanin ki zubar, ki juye waken, ki ƙara ɗan tumatirin leda da yankakken gasasshen nama, ki bar shi a wuta kaɗan-kaɗan na kwata ɗin awa. Kada ki yawaita juyawa, domin ya riga ya nuna lugub, cokali kaɗan ne zai mayar da shi fate.

Matsalarsa biyu. Ta farko kuɗi. Babban gwangwani giram 415 ne, wanda zai ishi mutum biyu zuwa uku idan mahaɗi ne kawai. Baƙi talatin suna buƙatar gwangwani goma sha biyu, alhali busasshen wake kilo ɗaya da rabi zai ciyar da su. Kowa ya san yadda kayan waje suke a kanti yanzu. Ta biyu ta fi muhimmanci ga Musulmi: ki karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Na Ingila mai tumatir zalla ba shi da nama. A da ana sa masa naman alade, aka cire lokacin ƙarancin abinci na Yaƙin Duniya na Biyu, ba a kuma mayar ba. Amma yawancin na Amurka har gobe da kitsen alade ake haɗa su, wani lokaci ma sai a can cikin jerin kayan haɗi za ki ga an ambata. 'Yan uwanmu da ke zaune can sun fi kowa sanin wannan tarko.

Na Boston

Wannan shi ne tushen abin. Turawan da suka fara zama a yankin da ake kira Sabuwar Ingila, arewa maso gabashin Amurka, mabiya addini ne masu tsanani waɗanda ba sa aiki ranar Lahadi, har da girki. Sai su ɗora wake ranar Asabar a cikin tandar bulo, ya kwana a ɗumin da ya rage, su wayi gari da abinci a shirye. Abin zaƙin da suke sawa shi ne baƙin maɗin rake da suke kira molasis, wato ruwan nan mai kauri da ke saura bayan an cire sukari. Jiragen ruwa ne ke kawo shi daga gonakin rake na tsibiran Karebiyan, inda bayi 'yan Afirka suke noma, kuma Boston, babban birnin yankin, ta cika da shi saboda ana yin barasa da shi. Yawansa ya kai ga ranar 15 ga Janairu 1919 wani ƙaton tankinsa ya fashe a unguwar North End, ya malala kan tituna ya kashe mutum 21. Har yau ana yi wa birnin laƙabi da garin wake.

Na Boston na ainihi ba shi da tumatir. Wake ne, da albasa, da maɗin, da garin mastad (wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu yaji-yaji da ake niƙawa), da gishiri, da kitse, a cikin tukunyar yumɓu mai faɗin ciki da ƙaramin baki, wadda duk wanda ya ga tukunyar ƙasa ta gidajenmu zai gane ta. Ana rufe ta a sa a obin mai sanyin wuta, kamar digiri 140 zuwa 150 a ma'aunin Celsius, na awa biyar zuwa takwas, ana leƙawa ana ƙara ruwan zafi idan ya ja baya. Abin da ke fitowa wake ne mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu, kowace ƙwaya a tsaye amma tana narkewa a baki, romonsa kuma yana kama cokali.

Ina son sa ƙwarai, amma ba na ba da shawararsa ga taron Hausawa, saboda dalilai uku. Zaƙinsa ya yi yawa ga harshen da ya saba da wake da mai da yaji. Dattawa sukan ɗanɗana su ajiye cokali, masu ciwon sukari kuwa ba nasu ba ne sam. Awa shida na obin ba ƙaramin gas ba ne, na lantarki kuma sai a yi ta zullumin ɗauke wuta. Sannan irin waken da ke jure wannan doguwar wuta ba shi ne namu ba, zan zo kan wannan. Idan baƙin naki kaɗan ne, masu son gwada sabon abu, kuma kina da obin mai riƙe zafi, ki yi shi ko sau ɗaya ne, ki rage zaƙin da rabi.

Akwai ɗan uwansa a jihar Maine, inda a da masu saran katako a daji suke haƙa rami, su ƙona itace mai ƙarfi har ya zama garwashi, su binne tukunyar baƙin ƙarfe a ciki ta kwana. Wanda ke da fili a bayan gida da gawayin ƙirya zai iya kwaikwayon wannan ba tare da ya ƙona gas ko kaɗan ba. Abin lura kawai shi ne murfin ya zauna daram don kada ƙasa ta shiga, kuma ruwan ya rufe waken sosai, tunda ba damar leƙawa.

Na bakin garwashi

Wannan shi ne na masu gashi a garuruwa irin su Kansas City, kuma shi ne zaɓina. Ana dafa waken daban har ya nuna, a haɗa masa miya mai kauri ta tumatir da albasa da zaƙi da tsami da yaji, a zuba gutsattsarin gasasshen nama, musamman gefe-gefen naman ƙirjin saniya da ya sha wuta, sannan a ajiye tukunyar a buɗe kusa da wutar gashi ta sha hayaƙi. A Texas kuma sun fi son nasu da wani wake mai ɗigo-ɗigo, da barkono, kusan ba zaƙi. Tsakanin waɗannan biyun ne harshenmu ya fi zama.

Ya fi dacewa da mu ne domin kayan haɗinsa ba baƙi ba ne: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa. Ba ya neman obin, domin wutar da aka riga aka hura don nama ita za ta ƙarasa shi. Kuma zaƙin yana hannunki, kina ɗanɗanawa kina daidaitawa, saɓanin na Boston da sai bayan awa shida za ki san abin da kika dafa.

Ga ma'aunin da nake bi a kowane rabin kilo na busasshen wake, wanda zai ishi mutum goma: manyan albasa biyu, tafarnuwa ƙwaya huɗu, ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya, markaɗen tumatir da tattasai kofi biyu, attaruhu ɗaya ko biyu, mazarƙwaila kamar giram 60, ruwan tsamiya mai kauri cokali uku ko ruwan khal cokali biyu, mastad cokali ɗaya in akwai, da nama kamar giram 200. Sai a ninka uku ga mutum talatin. Ki soya albasar a kitse har ta yi ja sosai, domin rabin daɗin daga nan yake fitowa. Ki soya tumatirin har mai ya taso, ki narka mazarƙwaila a ciki, ki juye dafaffen waken tare da ruwan dahuwarsa kofi biyu. Kada ki zubar da wannan ruwa gaba ɗaya, shi ke ba romon kauri.

Tukunyar ba a tsakiyar garwashi take zama ba, a gefe take, inda za ta riƙa ɓararraka a hankali. Zaƙi yana saurin kamu a gindin tukunya, kuma da zarar ya ƙone, ɗacinsa ya bi ko'ina. Ki riƙa juya tukunyar kanta lokaci-lokaci don kowane ɓangare ya samu wuta. Wasu masu gashin Amurka suna cusa farantin waken a ƙarƙashin nama don maiƙonsa ya riƙa ɗiga a ciki. Dabara ce mai kyau, amma sai bayan naman ya fara nuna, kuma ban da ɗanyar kaza.

Wane wake?

A nan ne girkin yake yin kyau ko ya lalace. Waken da Amurkawa da Turawan Ingila ke amfani da shi ƙaramin fari ne mai siffar ƙwai, wanda ake nomawa sosai a jihohin Michigan da North Dakota da kuma Kanada. Sunansa na Turanci, navy beans, ya samo asali ne daga sojojin ruwan Amurka da aka daɗe ana ciyar da su da shi. Ba jinsi ɗaya ba ne da wakenmu. Namu, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya nomansa, Nijar na biye da ita, ya fi saurin nuna, fatarsa ta fi sirara, kuma yana da ƙamshin ƙasa-ƙasa nasa na daban. Na Turawan sai an jiƙa shi awa takwas zuwa goma sha biyu, a dafa kusan awa guda, kuma zai iya ƙara awa biyar a obin bai farfashe ba. Namu ba ya buƙatar jiƙo, yakan nuna cikin minti arba'in zuwa awa ɗaya, in kuwa aka ba shi wutar Boston sai ya koma fate.

Don haka in na Boston za ki yi, ki nemi na Turawan a manyan kantuna, ko da ya fi tsada. In na garwashi ne, namu ya wadatar, har ma na fi son sa, domin ƙamshinsa yana tafiya da tattasai da hayaƙi. Ki zaɓi fari mai manyan ƙwaya irin kanannado, sabon girbi in da hali. Jan wake mai zaƙi-zaƙin nan da 'yan kudu ke kira oloyin yana da daɗi, amma yana saurin narkewa, sai a rage masa wuta da mazarƙwaila. Tsohon wake da ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima kan ƙi nuna ko an kwana ana dafa shi, saboda haka ki tambayi mai awo na yaushe ne, ki kuma shinshina. Wanda ke warin maganin ƙwari ki bar masa kayansa.

Akwai na uku da ba a cika tunawa da shi ba, gurjiya, wadda wasu ke kira ƙwaruru. Ƙwayarta kewayayya ce mai tauri, tana jure doguwar wuta fiye da wakenmu, romonta kuma yana yin kauri da kansa. A Gana suna dafa ta lugub har su sa mata ɗan sukari, su ci da soyayyar ayaba, abincin da suke kira aboboi. Sai dai tana cin wuta: jiƙon dare guda, da dahuwar awa biyu ko fiye kafin ta ga miya. Ga mai son tsarin Boston da kayan gida, ita ce mafi kusa.

Kowanne kika ɗauka, doka ɗaya ce ba ta canzawa: wake ya nuna tukuna kafin ya haɗu da tumatir, tsamiya ko zaƙi. Iyayenmu sun san kanwa tana sa wake laushi. Tsami kishiyarta ne, yana ƙarfafa fatar wake ya hana ta sakin jiki, haka ma sukari da sinadarin kalsiyam da ke cikin maɗin rake. Wannan ne sirrin da ya sa waken Boston ke yin awa shida a obin bai ragargaje ba, kuma shi ne abin da ke ɓata girkin mai gaggawa. Karon farko da na yi wa baƙi, na zuba tumatir a kan waken da bai gama nuna ba, ina ganin ai zai ƙarasa a cikin miyar. Awa uku yana wuta yana nan garas-garas, ranar da shinkafa aka ci naman. Yanzu sai na matse ƙwaya tsakanin yatsu biyu na ga ta murƙushe ba tare da ƙullutu a tsakiya ba, sannan miya ta shiga. Ita kuma kanwar, ki bar ta a wannan girki. Tana baƙanta waken, tana saɓule fatarsa, kuma ɗanɗanonta ba ya jituwa da tumatir.

Wata kula ta musamman ga mai son gauraya nau'in wake kamar yadda wasu Amurkawa ke yi: babban jan waken nan mai siffar ƙoda yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa idan bai dahu ba. Dole a jiƙa shi, a zubar da ruwan, a tafasa shi da ƙarfi na aƙalla minti goma kafin a rage wuta.

Abin da zai maye gurbin alade da maɗin

Aikin naman alade a girkin asali abu uku ne: kitse, gishiri, da hayaƙi. Kitsen rago da aka yanka ƙanana aka soya har ya saki mai yana ba da na farko, kuma ranar layya ba a rasa shi. Hayaƙin kuwa daga tsire ko balangu da aka yayyanka ake samu. Kilishi ma yana yi, amma a sa shi a rabin awar ƙarshe, a kuma rage gishiri da yaji tunda ya zo da nasa, sannan a tuna da ƙuli-ƙulin jikinsa idan a cikin baƙi akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba. Kifi banda yana ba da hayaƙi mai ƙarfi, sai dai yana karkatar da girkin ya koma faten wake, don haka ba na sa shi idan da nama za a ci. Ɗan ƙullin daddawa guda a tukunyar mutum goma yana ƙara zurfin ɗanɗano ba tare da an gane shi ba. Wasu tsare-tsaren Amurka suna zuba giya a miyar. A tsallake ta, babu abin da zai ragu.

Maɗin kuwa, mazarƙwaila ce madadinsa, tunda duka daga rake suke, kuma ita ba a raba ta da baƙin ruwanta ba. Ki zaɓi mai duhu, ki narka ta a ruwan zafi ki tace, saboda yashi da ɓurɓushin rake. Ba ta kai molasis ɗaci-ɗaci ba, shi ya sa tsamiya ke da amfani a gefenta. Zuma tana da tsada kuma ƙamshinta yana gudu a doguwar wuta. Farin sukari zaƙi kawai zai bayar, ba launi ba ƙamshi.

Ranar taro

Wannan wake yana cikin abincin da kwana ke ƙara wa daɗi, kuma hakan sauƙi ne babba ga mai taro. In kina da firji mai aiki, ki dafa waken ki haɗa miyar tun jajibiri, ki raba a faranta masu faɗi marasa zurfi don ya huce da wuri, ki sa a sanyi. Kada ki rufe ƙatuwar tukunya da zafinta ki bar ta ta kwana a kicin. Tsakiyarta kan daɗe da ɗumi, kuma a irin wannan ɗumin ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, ga wake ga nama. In ba firji, ki tsince ki wanke da daddare, ki ɗora da asuba. Mai jiƙa waken Turawa ko gurjiya a lokacin zafi kuma ta canza ruwan sau ɗaya ko biyu, in ba haka ba zai wayi gari yana kumfa da tsami.

Idan an hura wutar gashi, sai tukunya ta koma gefen garwashi da ƙarin ruwa kofi ɗaya, domin wake yana shanye romo in ya kwana. Wakenmu minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya ya ishe shi a nan, na Turawa da gurjiya za su iya kai awa ɗaya da rabi. Ki sauke shi yana da sauran ruwa-ruwa, zai ƙara kauri kafin a zuba. Hukumomin lafiyar abinci na Amurka suna ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje ba zafi ba sanyi, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. Rana irin ta Maris da Afrilu a Kano ko Maraɗi ta wuce nan nesa ba kusa ba. Saboda haka ki bar babbar tukunyar a bakin wuta tana tururi, ki riƙa ɗiba a ƙaramar kula ana kai wa baƙi, ta ƙare a sake cikowa. Ki ajiye burodi ko gurasa a kusa don dangwalar romon, da yankakkiyar ɗanyar albasa da yajin ƙuli ga masu son ƙari.